Angon Guguwa

Karya ɗaya ta rage wa Nomau maharbin Gafati, sunanta Guguwa, ita ce ta ƙarshe cikin zuriyar karnukan da ya gada wurin ubansa. Sauran sun ƙare ta hanyar da garin ya fi yarda da ita: a yi ta haɗa wa da ƙanwa don kada jini ya gurɓata, har jinin ya tsarkaka ya koma ƴan kwikwiyo masu karkatattun ƙafafu, waɗanda ba sa ganin damina.

Da Guguwa ta shiga lokacin barbara, sai ga Suma'ila sarkin farauta da ƙaton karensa.

"Ga ango na kawo, Nomau. Kwikwiyon fari nawa, yadda aka saba."

"Sarki, ai uwarsu ɗaya."

"To, ka ga a gida za a yi."

"A gida aka yi na baya. Suna kwance bayan danga, in za ka gaishe su."

Suma'ila ya ja karensa, ya ce daga yau an cire Nomau daga farautar gari.

Nomau ya kwashe geron rumbunsa, ya sa karyar ciki don gudun karnukan unguwa, washegari ya ɗora ta a jaki sai Zangon Damagaram. A masaukin ayarin Buzaye ya ga wani ramammen kare mai yagaggen kunne. Ya duba haƙora da tafin ƙafa, ya sa aka sake shi ya ga gudunsa, sannan ya shiga tambayar uwarsa da ƴan'uwansa, da abin da ya kashe waɗanda suka mutu.

Buzun ya ce, "Maharbi, ƴarka za ka aurar?"

"Ita ban yi wannan tambayar ba. Tana gida yanzu, ta dawo."

A nan aka haɗa Guguwa da karen Buzun, Nomau ya komo da ita gida.

Ranin da ya biyo bayan samun mulkin kai, birni na ta zancen sabuwar tuta, Gafati ta fita farauta. Ba wanda ya kira Nomau. Ya tsaya can gefen daji da ƴaƴan Guguwa biyu. Barewa ta tashi, karnukan gari suka bi ta har suka gaji, ƙaton karen sarki ya nemi inuwa ya kwanta yana haki. Sai Nomau ya saki igiya. Kafin barewar ta kai tudu sun kayar da ita.

Ya yanka, ya cire cinya, rabon sarki kamar yadda al'ada ta ce, ya miƙa masa.

Suma'ila ya daɗe yana kallon karnukan.

"Gobe gabas za mu yi," in ji shi. "Ka shige gaba."