Gurbin Zinsu

Zinsu ne ya kawo wasan kwamfutar gidanmu, amma ni ce mai yatsun. Buga takardu nake yi a wani shago kusa da kasuwar Dantokpa a Kotonu. Shi kuwa ɗan'uwan nawa, wanda muka zo duniya rana ɗaya, da yatsa guda yake neman harafi kamar kaza na tsintar dawa.

Wasan ba shi da wani hoto na a zo a gani. Kai kaɗai ka rage a sararin samaniya, cikin tsohon kumbo, mai yana ƙarewa. Ba ka fita da kanka. Ƙananan na'urori huɗu kake turawa cikin matattun kumbuna su kwaso mai da tarkace, kuma komai sai ka rubuta: buɗe wannan ƙofa, rufe waccan. Akwai wani abu da ke yawo a ɗakunan, in ya ritsa na'ura sai ya ragargaza ta. Abin da ka rasa kuwa ka rasa shi ke nan.

Shi ke duba taswira, ni ke bugawa. Na'ura ɗaya ya sa mata sunansa, ɗaya sunana.

"Zinhuwe, rufe! Rufe mana, malamar ofis!"

"Ka daina yi mini ihu a kunne, ɗan acaba. Ba fasinja ba ce ni."

Mama ta tsani wasan. Cewa take yi manya da mu mun zauna muna yi wa baƙin allo tsawa.

Wata Lahadi bayan mun dawo coci, abin nan ya ritsa na'urar Zinsu a wani ɗaki can ciki. Na yi niyyar shiga in jawo ta, ya riƙe mini hannu. "Bari sai mako mai zuwa, kaina ya yi zafi. Kada ki kuskura ki shiga ba ni." Ranar Laraba tifa ta bi ta kan babur ɗinsa a bakin gada.

A wurinmu ba a cewa ɗan tagwaye ya mutu. Sai dai a ce ya tafi daji neman itace. Aka sassaƙa ɗan gunki a madadinsa, Mama tana yi masa wanka, ta ɗinka masa riga irin tawa, ta zuba masa wake da manja duk lokacin da ta zuba mini. Ni kuwa kwamfutar na tura ƙarƙashin gado. Kewarsa ta hana ni sakat. Ko mai acaba na ji yana zagin wani a hanya, sai na waiwaya.

Sai da damina ta wuce na jawo kwamfutar. Na kasa jure tunanin na'urarsa tana kwance ita kaɗai a cikin duhu. Na ɗauko gunkin na zaunar da shi gefen madannan kwamfutar, inda Zinsu ya saba zama.

Babu mai duba mini taswira. Ido ɗaya a kan ɗakuna, ɗaya a kan yatsu, zufa tana bin bayana. Na buɗe wata ƙofa ta nesa, abin ya bi ta, na rufe shi a ciki. Na tura tawa da gudu, ta ɗaure tasa, ta jawo ta har cikin kumbonmu. Ihun da na yi ya fito da Mama daga madafa da ludayi a hannu.

Sai allon ya rubuto: ba ta gyaruwa. A kwance ta a yi amfani da sassanta?

"Me ya ce?" in ji Mama.

Na yi mata bayani. Gurbi huɗu ne kawai a kumbon. In na kwance ta, zan sami wurin sabuwa, sunan kuma ya goge. In na bar ta, ta tare gurbi ba ta aikin komai, kuma da uku babu mai yin nisa.

Mama ta sunkuya har hancinta ya kusa taɓa allon. Ba ta iya karatu ba, amma ta san siffar sunan ɗanta. Ta ɗora yatsa a kai, manja ya bar shaida.

"Wannan ne shi?"

"Shi ne, Mama."

"Wannan na kusa da shi fa?"

"Ni ce."

Ta juyo ta dube ni. "To wa ya ce miki sai mutum yana aiki yake da wurin zama? Bar masa wurinsa."

"Mama, za mu halaka a hanya fa."

"Ku halaka mana. Da can da kuke huɗu, ina kuka je?"

Ta jawo kujerar roba ta zauna, ta ɗora gunkin a cinya ta juya fuskarsa wajen allon. Na rubuta a'a. Na duba man da ya rage, na ga ba zai kai mu ko'ina ba. Na tayar da kumbon, mu duka huɗu a ciki.