Kujerar Baba a Layi na Huɗu

Tun ina 'yar shekara shida nake zuwa bikin kiɗa na gonar Pruitt tare da Baba. Bana ni kaɗai na zo. Na kafa tantinmu a bakin rafi, ya karkace don ban iya ɗaurin igiyar ba, sannan na kai kujerunmu biyu gaban dandamali, layi na huɗu. Tasa har yanzu da sunansa a baya, Virgil, da rubutun hannunsa.

Kowa ya san al'adar wurin: kujerar da ba kowa a kai, kowa na iya zama har mai ita ya dawo. Ni kuwa sai na ɗora jakata a kan ta Baba. Kwana biyu ina haka. Yara na guje-guje da gasasshiyar masara a hannu, masu goge na hawa suna sauka, ni ina gadin kujera. Duk wanda ya tambaya sai in ce, "Yana tanti." Wata biyar da binne shi, ban taɓa faɗa da bakina ba.

Ranar Asabar da rana na je ɗebo ruwa, na manta na ɗauke jakar na tafi da ita. Ko da na dawo, wata tsohuwa mai malafa ta baje a kujerar, har ta cire takalma.

"Ke ce mai gadin?" ta ce. "Sunana Oleta. Kwana biyu kujerar nan na hutawa, ƙafafuna na shan wuya. Mai ita na zuwa zan tashi."

"Yana tanti," na ce.

"Wane irin malalaci ne wannan? Ya zo biki ya ɓige da barci? Nuna mini tantin, 'yan mata, in jawo shi da kunne."

Ta sunkuya tana laluben takalminta.

"Mama, zauna," na ce. "Ba zai zo ba. Ya rasu tun watan Maris."

Ta saki takalmin. Ta daɗe tana kallona, sannan ta leƙa bayan kujerar ta karanta sunan.

"To, Virgil," ta ce, "yau kam ba na tashi."

Muka zauna har masu kaɗa banjo, wani irin molo, suka gama.

Washegari da safe na duba wajen tantuna ina neman Oleta, aka ce motarsu ta riga ta tafi. Na koma layi na huɗu na zauna, jakata a cinyata.