Saiwar Zaƙi ta Baban Latika

Tun ranar da aka kawo ni gidan mijina Damodaran, baban 'yarmu Latika, ban taɓa ganin kuncinsa babu guntun irattimaduram ba, saiwar nan mai zaƙi da mawaƙa ke tsotsa. Shi ke rera waƙa a bakin matakalar ɗakin bautar garinmu safe da yamma, yana kaɗa 'yar gangarsa. A wurinsa, muryar a cikin saiwar take.

Bana majina ta cika masa ƙirji. Baiti ɗaya sai ya tsaya ya yi tari sau uku. Dattawan ɗakin bautar suka aiko cikin ladabi cewa idan bai iya kai waƙar ranar biki ƙarshe ba, za su ba wani matakalar. Ya daina barci, ni ma ya hana ni.

Na tasa shi gaba sai gidan Kesawan mai magani. Ya kama wuyan hannunsa, ya saurari ƙirjin, ya ce sai an yi masa wankin amai. Aka yi kwanaki ana ɗura masa man shanu, ana shafe shi da mai, ana yi masa sirace. Ranar aikin, da sassafe, aka zaunar da shi a gajeriyar kujera da daro a gabansa. Ya sha madara, ya lashi maganin da aka kwaɓa da zuma da gishiri, sannan aka kawo tukunyar ruwan saiwar nan tasa mai ɗumi. Ƙa'idar ita ce mutum ya sha har ya kai masa wuya, cikin ya juyo da kansa.

Mutumin naku ya kafa kai. Ya shanye, ya lashe leɓe, ya miƙa kofi.

"Zuciyarka ta fara tashi?" in ji Kesawan.

"Ina! A ƙaro dai. Wa ya dafa wannan? Hannunsa da albarka."

"Baban Latika," na ce, "ba biki aka gayyato ka ba!"

"To ni na ce ya yi daɗi?"

Kesawan ya leƙa tukunyar, ya dube ni. "'Yar'uwa, mijin nan naki rijiya ne?"

Sai da aka ɗora tukunya ta biyu. A tsakiyarta gumi ya keto masa, idanu suka firfito, na riƙe masa goshi. Abin da ya fito ba zan faɗa ba, amma an yi ta yi har rawayan ruwan ɗaci ya biyo baya, Kesawan ya ce ya isa. Aka sa shi kan kunun shinkafa, aka hana shi ɗaga murya. Wannan ɓangaren kam na ji daɗinsa.

Ƙirji ya washe tas. Sai ga wata sabuwa: ko warin saiwar ya ji, sai ya nufi bayan gida a guje.

Ranar biki da yamma, filin ya cika, dattawa sun jeru a gaba. Ya jefa guntun saiwar a baki don sabo, nan take ya tofar a hannuna.

"Sarojini, ba zan iya ba. Ban taɓa yi babu ita ba."

Tausayinsa ya kama ni, amma ban nuna ba. "Na riƙe maka kai kana amai a gaban mutane, yanzu kuma kunyar me ta rage? Wuce."

Ya wuce. Muryar ta fito a bushe, da kaushi, babu zaƙin nan da aka sani. Amma ta tafi, baiti na bin baiti, ko tari ɗaya babu. Na yi kuka, ban ma damu da wanda ya gani ba.

A hanyar gida ya ce, "Ba daɗi, ko?"

"Ko kaɗan," na ce. "Ɗaga ƙafa ka je ka kwanta. Sun ce gobe da asuba ma kai ne."