Fitilar Gonar Marigayi Toara

"Mama, Kaka ne ke kunna fitilar can?"

Leimara na feraye gwaza a bakin ƙofa, wuƙar ta tsaya cak a hannunta. Ta bi yatsan 'yarta Nerry da kallo. Can kan tudu, a gonar marigayi surukinta Toara, 'yar koriyar fitila ta ƙifta a kan sandar ƙarfe, ta mutu.

"Rufe min baki. Kakanki na kwance inda aka kwantar da shi."

"To wa yake kira, tunda sauran fitilun sun yi barci?"

Fitilar ta ɗaya daga cikin akwatunan gargaɗin ambaliya ce. Ƙananan akwatunan nan an jera su ne daga kan dutse har cikin gari, kowanne da ɗan faifan hasken rana. In kogi ya ciko daga sama, na farko ya gaya wa na biyu, shi kuma ya miƙa gaba, har jiniyar coci ta ɗau kuka. Don kada batir ya ƙare barci suke yi, su farka tare, su gaisa, su daidaita agogo, su koma. Leimara ke goge musu faifai, ta san tare suke ƙiftawa. Na gonar Toara ya fita daga sahu. Tokar dutse mai aman wuta ta lulluɓe faifansa, agogonsa ya goce, ba shi da ƙarfin da zai tsaya sauraron 'yan'uwansa. Shi kaɗai yake farkawa, ya yi kira, ba mai amsawa. Kuma duk saƙon sama ta kansa yake bi.

Ga shi tun ranar binnewa aka gicciye ganyen namele, alamar hana shiga, a ƙofar gonar. Ba mai taka ta sai an fita makoki.

Ta sami yayan mijinta, Kalsong, yana gyaran raga.

"A'a, injiniyar gari! Yau kuma wace waya ce ta tsinke?"

"Yaya, ba wasa ya kawo ni ba. A bar ni in shiga gonar Baba in goge faifan nan."

Dariyarsa ta ɗauke. "Tsoho ne ke zagaya kayansa. Kowa ya ga fitilar. Ki ƙyale shi ya gama."

"Toka ce, Yaya. Nerry ta kogin nan take tsallakawa makaranta. Da naka 'ya'yan."

"Ganye ba ni na sa shi ni kaɗai ba, Maman Nerry. Ki yi haƙuri."

Ba ta ƙetare ganyen ba. Ita ma tana tsoronsa. Sai ta koma raka yara bakin kogi kowace safiya, tana duba launin ruwa kafin ta sake su.

Wata safiya rana tangararan, jiniya shiru, Nerry har ta tsoma ƙafa. Leimara ta ji warin danyar laka, ta ga ganyen ayaba na tahowa. Ta fizgo yarinyar ta baya, ta daka wa sauran tsawa. Ruwan ya iso jawur da kututture a kansa, ya share duwatsun tsallakawa, ya tafi da takalmin Nerry ɗaya.

Da yamma Kalsong ya zo da dattawa da saiwar kava, wadda ake miƙawa in ana neman afuwa. Ya durƙusa a ƙofar gonar.

"Baba, ka yi mana afuwa. Jikokinka ne."

Ya ɗage ganyen. Leimara ta shiga, ta wuce addar tsohon da ke soke inda ya bar ta, ta goge faifan da gefen zaninta. Washegari fitilun suka ƙifta tare, daga dutse har coci.

"Kaka ya daina kira," in ji Nerry.

Leimara ta ƙara riƙe hannun yarinyar.

Kai mai karatu, in a garinku akwai irin waɗannan akwatuna, kada shirun jiniya ya kwantar maka da hankali. Kafin ka saki ɗanka bakin ruwa, fita ka duba ko tare suke ƙiftawa.