Kajin Gaisuwa

"Mama, ke kam bismilla, shiga. Amma kazar a nan za ta tsaya."

Tsohuwar ta dubi Jibir tun daga hula har silifas. Daga ƙauyensu can bayan Zangon Kataf ta taso, ta sha mota ta sha mashin, da kaza a hammata an ɗaure mata ƙafafu da tsumma. Mama Yemima ke nan, yayar Azariya mai gidan, wanda ke kwance a ciki tun da asibiti suka sallamo shi ba don ya warke ba.

"Kai ne soja na gidan ƙanina?"

"Maƙwabci ne, Mama. Katangarmu ɗaya."

"To maƙwabci, kaza na bai zo wurinka ba. Ya zo wurin mai ciwo."

"Shi mai ciwon ne ya ajiye ni a nan. Kawo in yanka miki a gidana, matata ta gyara ta kawo a kwano. Dama ni nake musu yanka."

Ta dangwara masa kazar a ƙirji. Ya nuna mata bahon ruwan magani da ke bakin ƙofa, ya ce ta tsoma takalmanta.

"An yi mani baftisma tun ba a haife ka ba," in ji ta. Ta tsallake bahon ta shige tana magana da yarensu. Kalma ɗaya Jibir ya gane a ciki, wato Bafillatani.

Bafillatanin ne kuwa, sai dai irin wanda ko akuya bai mallaka ba. Shanun mahaifinsa sun ƙare tun yana saurayi, shi kuma ya ƙare a wata 'yar rumfa kusa da tashar motar Kafanchan yana cajin waya, ya ajiye tumbi. Saboda haka Azariya ke kiransa Arɗo. Shi kuma yana rama wa da Manaja, domin Azariya ya yi rayuwarsa a reluwe yana jiran jirgin da ya daina zuwa, da aka ba shi giratuti sai ya gina keji a bayan gida ya zuba kajin ƙwai.

Zubin farko wani zakara da ya sayo a kasuwa ya gama masa da su kaf. Tun daga nan ya zama mai dokoki. Ruwan da ba za ka iya sha ba, kada ka ba kaza. Garin katakon da ke ƙasa ya kasance a bushe. Maganin rigakafi daga ƙanƙara sai bakin kaza, in ya ji ɗumi ya zama ruwan banza. Babbar dokar kuwa, kazar gida ba ta shiga gidansa, ko ta wace ce, domin ita tana yawo da cuta lafiyarta lau, na keji kuma ko warinta suka ji sun zube. Har kajin Nene matar Jibir sai da ya saye ya sa aka yanka, ya yi mata alkawarin ƙwai.

Wannan zubin na yanzu, jajaye wajen ɗari biyar, sun cinye gonar cittar Azariya, sun cinye mashin ɗinsa, ba su biya ko ƙwai ɗaya ba tukuna. Amma sun kusa.

Da Jibir ya kai wa Paulina matar Azariya kwanon naman ya wanke hannu, ya leƙa ɗakin. An jawo gadon Azariya jikin tagar da ke kallon kejin. Ƙafafunsa sun kumbura, idanunsa sun yi rawaya, sauran jikin kuwa kamar an manta riga a kan gado.

"Arɗo, na ji ka ci zagi."

"Da yare ne, bai shiga ba."

Azariya ya yi dariyar da ta koma tari. Ya ɗaga yatsa. "Saurara. Ka ji kukansu ya canza? Ƙwai ne yana damunsu. Kwana kaɗan ya rage."

Jibir ya saurara. Shi dai kaji ya ji.

"Rigakafi na ƙarshe ba a yi ba. Ina asibiti aka ɗauke wuta, ƙanƙara ya narke. Na sa Paulina ya zubar. Sabo bai iso ba. Yanzu tsirara suke." Ya huta. "Ni zan tafi, Arɗo."

"Haba Manaja."

"Bar haba. Likita bai ce haba ba. Paulina ba shi da fansho. Ɗanmu Nathan yana Fatakwal, aikinsa yau akwai gobe babu. Fanshon Paulina ga shi can yana kuka. In na tafi mutane za su zo, kuma ka san mutanenmu ba su zuwa gaisuwa hannu wofi. Kowa da kaza. Ka tsare mani ƙofa."

"Duk danginka, sai ni?"

"Dangina suna kunyar juna. Kai ba ka kunyar kowa a cikinsu. Kuma ba ka da aikin yi."

"Ina da rumfa."

"Shi nake nufi."

Jibir ya yi alkawari. Bai taɓa tsare komai ya tsaru ba a rayuwarsa, amma ba a gaya wa mai irin wannan kwanciya haka.

Da safe abin ya faru, rana ta ɗan ɗaga. Jibir na jido ruwa daga rijiya yana cika kwanukan kaji, Paulina ta bar buhun abinci a buɗe ta shiga kai wa mijinta kunu. Ta fito da kofin yadda ta shiga da shi. Ta ajiye shi a kan bulo a hankali don kada ya zube.

"Malam Jibir, maƙwabcinka ya tafi."

Ya sauke bokitin. Ya nemi abin da zai ce, duk abin da ya zo bakinsa na Musulmi ne, sai ya faɗa a ransa.

"Kajin layin baya ba su samu abinci ba," in ji ta. "In na yi kuka yanzu gida zai cika."

Suka gama zuba wa layin baya. Ta rufe buhun, ta ja ƙofar kejin ta sa sakata, sannan ta tsaya a tsakar gida ta ɗora hannu a ka.

Aka kai gawar mutuware, sai Nathan ya samu izini a wurin aiki, sai dangin nesa sun haɗu. Aka kafa rumfa a ƙofar gida, aka jera kujerun roba. Matan zumunta na majami'a suna zuwa da yamma su yi waƙa. Kaji kuwa suka soma isowa kamar yadda marigayin ya faɗa, a hammata, a kwando, a rataye a hannun mashin kai ƙasa. Jibir ya zauna a kan benci da wuƙa, yana karɓa yana kaiwa gidansa. Nene ta yi ta figa har yatsunta suka yi taushi.

Sai Kambai ya iso. Shi ne wan Azariya, dogo, da sanda, dattijo a majami'arsu. Ya tarar da Jibir da zakaran da surukai suka kawo a hannu.

"Wa ya ce ka yanka?"

"Marigayi ne, Baba."

"Marigayi yana cikin firij. Ranar jana'iza mutane za su cika nan har titi. Me za su ci in ka gama da kajin tun yanzu? Fuka-fuki?"

Abin haushin shi ne maganar tasa tana kan hanya. Jibir ya ce to a bari ya kai su gidan ƙaninsa a ƙarshen gari, a ajiye su da rai har ranar.

"Kajin gaisuwar ƙanina, a gidan Fulani." Kambai bai ɗaga murya ba. Waɗanda ke kan kujeru suka daina hira. A garin nan akwai maganar da in aka fara ta ba wanda ya san inda za ta tsaya, kuma Jibir yana da 'ya'ya a bayan wannan katanga.

Ya leƙa cikin gida. Paulina na zaune a tabarma tsakiyar mata, ta ji komai. Gidan da take zaune a ciki a kan filin gado yake, kuma bakin Kambai ne zai faɗi makomarsa. Ta dubi Jibir sau ɗaya, ta mai da kanta ƙasa.

Iyakar abin da ya samu shi ne a ɗaure kajin a waje, gindin mangwaro. Ya ɗauki wannan a matsayin nasara, har ya ba Nene labari da ɗan ƙari.

Ranar Juma'a ya tafi masallaci. Da ya dawo gindin mangwaro ba komai sai igiyoyi. Wai kare ya ɗauke ɗaya, sai Kambai ya ce ga ɗakin kaji da rufi da abinci, me ya sa ake wahala. An zuba su a ɗakin ajiyar abinci, wanda waya kawai ta raba shi da kejin. Jibir ya tsaya da darduma a hammata yana kallo. Kajin ƙauye suna ta tsattsagar abincin da ba su taɓa ganin irinsa ba, jajayen sun taru a jikin waya suna leƙen baƙi. A lungu wani farin zakara ya kumbura gashi ya lumshe ido, kashinsa kore a ƙarƙashinsa.

Ya kwashe su biyu-biyu ya mai da waje, ba wanda ya hana shi. Ya share, ya watsa magani har idonsa ya yi ja. Yana yi yana sane da cewa don kansa yake yi.

Kafin wani mako kejin ya canza murya. Wannan karon har Jibir ya ji. Wani ƙurƙur ne a maƙogwaro, kamar ana jan ruwa da tsinke. Wasu suka daina ci, wasu wuyansu ya murɗe suna kallon rufi. Ya kira likitan dabbobi a waya, likitan ya ce a ware masu lafiya, a binne matattu da zurfi, ita wannan ba ta da magani in ta shiga. Jibir ya haƙa rami a bayan katanga. Kullum da safe sai ya tura baro ta ƙofar baya, a rufe da buhu, a gaba kuwa ana waƙar zumunta.

Ana gobe jana'iza Paulina ta tashi daga tabarma, abin da ba ta yi ba tun ranar rasuwar. Ta tsoma ƙafa a ruwan magani ta shiga kejin. Ta bi layi-layi har ƙarshe ta dawo.

"Nawa za su rage?"

"Allah ne ya sani, Maman Nathan."

"Ban tambayi Allah ba. Kai na tambaya."

"Kaɗan. Wataƙila babu."

Ta gyara ɗaurin zaninta. "Wanda yake tsaye da ƙafarsa, yana cin abinci, ka yanka. Kada rami ya cinye duka."

Ya wasa wuƙa. Ya yi ta yanka har bismillar ta koma motsin leɓe kawai, kafaɗarsa ta sage. Mata suka kewaye tukwanen ruwan zafi, Nene a cikinsu, da Mama Yemima. Ita ce ta fara buɗe cikin ɗaya. Ta tsaya. A ciki ga ƙwai jere kamar 'ya'yan inabi, rawaya, daga ƙanana kamar gero har wani babba da ya soma ɓawo. Ta buɗe ta biyu, haka. Ta uku, haka.

"Wannan jibi zai yi ƙwai," in ji ta, ba da kowa take ba.

Matan suka ci gaba da gyara. Aka kawo roba aka riƙa tara su a ciki, har ta cika aka kawo wata.

An yi jana'iza mai kyau. Fasto ya ce Azariya mutum ne mai tsari. Jibir ya tsaya can baya wajen kabari, da hularsa a kai, hannayensa suna ƙarni duk da sabulun da ya sha. Da aka dawo gida kowa ya samu shinkafa da cinya guda, wasu har da ƙullin leda. Mutane suka yi ta cewa an daɗe ba a ga jana'izar da aka ci nama irin wannan ba, suna miƙa wa Kambai hannu. Shi ma da zai wuce ya tsaya gaban Jibir.

"Maƙwabci, ka yi ƙoƙari. Ubangiji ya saka maka."

"Amin," in ji Jibir, don bai ga wata amsar ba.

Baƙi suka watse, masu rumfa suka kwashe kayansu, Nathan ya koma Fatakwal. 'Yan kajin da aka bari ba su kai mako ba.

Wata safiya Jibir zai tafi rumfarsa ya ji ƙarar guga a rijiyar maƙwabta. Ya leƙa. Ƙofar kejin a buɗe take, an kwashe garin katakon, siminti ya fito fes. Paulina na zaune a kan 'yar kujera da soso, ta tara kwanukan ruwan kajin gabanta, jajaye da farare, tana wankewa.

Ya yi sallama. Ya shiga.

"Za a sake zubawa ne, Maman Nathan?"

Ta ɗauraye wanda ke hannunta, ta ɗaga shi ta duba cikinsa a hasken rana, ta kife shi a jikin katanga kusa da 'yan uwansa.

"Miƙo mani wancan," in ji ta.

Ya ajiye jakar cajojinsa a ƙasa ya miƙa mata.