Katangar Umma

Tun da na yi wayo a gidan haya muke. Mun zauna a bayan wani gareji, mun zauna a saman kanti, mun zauna a gidan da mai shi yake leƙowa in ya ji famfo ya daɗe a buɗe. Duk inda muka fara sabawa, sai a ce ɗan mai gida zai yi aure, ko an sayar da wurin. Umma ba ta taɓa gardama ba. "To" kawai take cewa, ta fara neman kwalaye.

Da na gama jami'a na samu aiki a ɗakin gwajin jini na wani asibiti, ni da yayana muka haɗa ƙarfi muka sayi ɗan ƙaramin gida a ƙarshen wani layi, kusa da tashar bas. Sunan Umma muka sa aka rubuta. Burina ɗaya ne, ta miƙe ƙafa ta zauna, ta daina jiran ranar da za a ce ta tashi.

Amma kamar baƙuwa ta shigo gidan. Rabin kwanukanta na cikin kwali a bayan ƙofa, ɗaure da igiya. Ran da famfon banɗaki ya fara ɗiga, ta tara bokiti ta ce da ni, "Ki kira mutumin ki faɗa masa, kar ya ce mu muka ɓata."

"Wane mutumi, Umma?"

"Mai gidan mana."

Yaya na cin abinci, saura kaɗan ya ƙware. "Umma, bawan Allahn nan ya sayar ya koma wajen 'ya'yansa. In kika kira shi, cewa zai yi an yi kuskuren lamba."

"Kai dai ci abincinka, sarkin surutu. Wa ya san gobe?"

Ni ban iya doguwar magana ba. Amma abin ya tsaya mini a rai. Na fara tunanin ko gini kawai muka saya mata, zaman kuwa ba a sayar da shi.

Jikin katangarmu akwai shagon wata tela da duk layin ke kira Anti Mai Keke. Wata Asabar da safe ta yi sallama, tef ɗin awo rataye a wuyanta, zare manne a zaninta. Bayan gaisuwa ta gyara zama.

"Mama, alfarma na zo nema. Rana na dafa mini masu kawo ɗinki a bakin shago. Rumfa nake so in yi, amma sai an kafa katako ɗaya a jikin katangarku. Tsohon mai gidan nan na roƙe shi har na gaji, ya ce ko inuwata ba ya so a jikin bangonsa."

Umma ta ce, "Ayya, 'yar nan, ai ba ni zan ce ba. Sai an tambayi masu gida."

Anti ta juyo wajena. "To ke 'yar asibiti, me kika ce?"

Da na ce mata eh, da magana ta ƙare a nan. Sai na sunkuyar da kai na ce, "Anti, ni ma zaman alfarma nake yi a nan. Ki tambayi mai katangar."

Anti ta kalle ni, ta kalli kwalayen bayan ƙofa. Mace ce mai saurin ganewa. Ta tafa hannu.

"To Mama, ni dai duk layin nan an ce mini ke ce. In akwai wani a sama da ke, nuna mini shi in je in durƙusa. Gwiwoyina ne dai ba su da kirki, ki tausaya."

Umma ta yi dariyar da ba ta shirya ba. Sannan ta jawo mayafi ta ce a je ta gani.

Muka fita. Ban taɓa ganin ta tsaya ta kalli gidan daga waje ba sai ranar. Ta bi katangar da ido tun daga ƙofa har kwana, ta ɗora tafin hannu a kai, ta ɗan bubbuga.

"In an yi ruwa, ina rumfar za ta zubar?"

"Nan ƙasa mana, Mama."

"A'a. Ki karkata ta wajen kwata, kar ya ci mini gindin katanga. Kuma kafinta ya huda a hankali. In ya fasa mini bulo, shi zai gyara."

Yaya da ya biyo mu ya riƙe baki. "Anti, kin shiga uku. Sabuwar ta fi tsohon tsanani."

"Rufe mini baki, ɗan nema," in ji Umma, ko juyowa ba ta yi ba.

Da kafinta ya zo da rana, kujera ta sa aka fito mata da ita. Tana zaune tana nuna masa inda zai huda, masu wucewa zuwa tasha suna gaishe ta, tana amsawa da ƙarfi. Na shiga shagon don in yi wa Anti godiya, amma ba ta bari na fara ba. Ta ci gaba da taka kekenta, ta ce, "Je ki kawai, 'yar asibiti. Na ji."

Na dawo na tsaya bayan kujerar Umma ina hamdala a zuci. Ta ɗaga kai tana ƙare wa gaban gidan kallo, ta yamutsa fuska.

"Wannan fentin bai yi mini ba. Tun ranar farko ban so shi ba."

"Wace kala kike so, Umma?"

"Bari in yi tunani tukuna," ta ce. "Ai ba sauri muke ba."