Injin Shu'aibu a Watan Azumi

Shekarar da azumi ya faɗo tsakiyar bazara, injin ban ruwan Shu'aibu ya tsiri zazzaɓi. Fiffiken fankarsa ɗaya ya karye, da ya ɗan yi aiki sai ya ɗau zafi kamar tukunyar tuya. Ga tumatir a lambun bakin tafkin Madarunfa ya fara fure, yini ɗaya babu ruwa shi ke nan.

Wani makanike a Maraɗi ya ce sai an samo fanka daga Jibiya. Kafin nan kada a kuskura a kwara masa ruwa, a riƙa fesawa da baki, irin na masu wanki da guga, tururi ya kwashe zafin.

To, wane mai azumi ne zai yini yana guntsar ruwa? Shu'aibu ya gwada, ya ji sanyi na neman gangarawa maƙogwaro, ya tofar yana istigfari. Ya kunna injin, ya kashe, ya zagaya kunyoyin tumatir, ya dawo ya taɓa ƙarfen ya janye hannu. Hankalinsa ya ƙi kwanciya.

Baki ɗaya ne babu azumi a gefen nan: na Daniyel, Kiristan da ke lambun gaba. Shi kuwa tun da akuyarsa ta yi wa Shu'aibu ɓarna bara, ko gaisuwa ba sa yi. Shu'aibu akwai girman kai, amma ganye ya fara lanƙwashewa.

Ya sake kunna injin, ya ce wa matarsa Indo, "Tsaya nan, in ya yi zahi ki ba shi ruwa." Ya tafi yana jan ƙafa.

Gaisuwar ta yi masa nauyi, amma ta fito. Daniyel ya saurara, ya ce, "Don wanga kaɗai? Mu tai, maƙwabci."

Suna tafe suka ji ƙara, ƙas, injin ya yi shiru. Suka tarar da Indo cikin farin tururi, bokiti a hannu, kan injin ya tsage.

"Malam, kai ka ce in ba shi ruwa. Na ga yana wahala."

Shu'aibu bai sami wanda zai yi wa faɗa ba. Baƙin ciki ya zaunar da shi a ƙasa.

Daniyel ya karɓi bokitin daga hannunta, ya dubi nisan tafkin, ya naɗe ƙafar wando.

"Wace kunya ta hi jin ƙishi?"